Na Rantse Ba Zan Ƙaro Karatu Ba Sai a Jirgin Sama

A shekarun da kuɗin fetur suka fara ambaliya, ni ƙaramin malami ne a wata kwalejin horar da malamai, ɗan cikin birnin Daura, mai ji da kansa, ga sabon babur. Tare muke koyarwa da taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda ya tashi a Zango. Tun da ni ne ɗan namiji shi kuwa ɗan mace, bawa nake kiransa tun muna yara, shi kuma ya ce da ni ubangida. Kowa ya san ba a fushi da wasan taubashi.

Sai gwamnati ta fara tura malamai ƙaro karatu. Gurbi ɗaya na Ingila ya faɗo sashenmu, aka ba shi, saboda wani bincike da ya yi kan yadda yaran manoma ke barin makaranta da damina. Ni da nake yi masa dariya in ya dawo daga ƙauyukan da ke kewayen garin Babban Mutum buɗu-buɗu da ƙura! Wallahi ranar ko tuwo ban ci ba. Na yi masa murna da baki kawai. Ina ji mata a gidanmu suna kiran gwaggona uwar ɗan Ingila, sai in fice.

Ranar da dangi suka taru a zauren mahaifina don yi masa sallama, ya dube ni yana dariya, ya ce bawa zai hau jirgi, ubangida kuma sai ya zauna gadin gida, in ya dawo zai kawo mini tsarabar safa. Zaure ya kece da dariya. Maimakon in rama da wasa kamar kullum, sai na miƙe na rantse da Allah ba zan ƙaro karatu ko'ina ba sai inda jirgin sama zai kai ni.

Ba a jima ba shugaban kwalejin ya kira ni, ya ce an samo mini gurbin digiri na biyu a wata jami'a a nan gida, albashina na tafiya. Na ce ba na so. Mahaifina ya zaunar da ni, ya ce rantsuwa irin wannan kaffara ake yi mata a wuce, in je in karɓa. Na kafe. Gaskiya ba rantsuwar ce ta riƙe ni ba. Tunanin in sauka a tashar Daura daga motar haya, shi kuwa an je taryensa filin jirgi a Kano, shi ne ya hana ni sakat. Na zauna jiran Ingila, kuɗin fetur suka ja baya, aka rufe ƙofar gaba ɗaya. Yaron da aka ba gurbin da na ƙi, wanda ni na koyar da shi, ya dawo ya zama shugaban sashena.

Da taubashina ya dawo, ya zo har ɗakina, ya tuɓe takalmi kamar yadda ya saba. Bai kira ni ubangida ba, yaya ya ce. Ya tambaye ni me ya sa na ƙi gurbin, alhali kafin ya tafi shi ne ya yi ta zarya ofishin shugaba yana roƙo a ba ni. Na kawar da zancen. Tun daga ranar bai sake yi mini wasa ba, har Allah ya karɓi ransa.

Na yi ritaya a kujerar da na fara aiki. Matasan malamai, in ƙofar ilimi ta buɗe muku, ku shiga ko a ƙafa ne, kada ku tsaya leƙen ta ɗan'uwa. Hassada ba ta rage masa komai ba. Ni ta cinye wa karatu, ta kuma raba ni da mutumin da har yau nake kewar ya kira ni ubangida.