Abin da Aka Cire Daga Rezo

Shekarun baya ne, lokacin da sojoji ke shirin miƙa mulki, motocin siyasa na ta kai-komo a Gidan Rumji. Muna cin tuwon rana sai na ji ƙaf, cokali ya faɗi a kwano. Ɗiyata ce, mai shekara bakwai. Ta ɗauka, ya sake kuɓucewa. Hannunta na fizga da kansa.

Maigidana ya goya mu a babur zuwa wani ɗan asibitin ƙauye wajen Sae Sabuwa. A wata ƙungiya yake aiki: shi ya haɗa ordinatar asibitin, wato kwamfuta, da ta wani likitan yara a Yamai, ta wata keɓaɓɓiyar hanya cikin rezo, wato intanet. Ya sha ba ni labari har na haddace. Hoto gutsure-gutsure yake tafiya, rezon ƙauye kuwa zubar da wasu yake. Sai ya sa ana tura ƙarin gutsure tun farko, ta yadda ko wasu sun ɓace, can za a cike giɓin ba sai an sake aikowa ba.

Majo, babban ma'aikacin jinyar asibitin, ya kunna ordinatar, ya riƙe hannun yarinyar gaban kyamara. Likita ya bayyana, ya daskare, ya ɓace. Sau huɗu. Muryarsa ce kawai ke zuwa a yayyanke: "Ban ga komai ba."

Na ce wa maigidana, "Malam, ina ƙarin naka?"

Ya sunkuyar da kai. "Sabon shugabanmu ya ce ɓarna ce, yana rage gudu. Ya ce in cire."

"Ka cire?"

"Wurin aiki ne, sai haƙuri."

Ni da ko kaza ba na iya tsawatawa da ƙarfi, ranar har masu jiran awo suka leƙo ta taga. "Shi yana zaune a buronsa ƙarƙashin fanka, ya taɓa zuwa nan? Kai ka san gaskiya, ka yi shiru! Mayar da shi yanzu, in kora ce a kore mu!"

Majo ya ce, "Hajiya, a yi a hankali."

"Ban je Makka ba tukuna, bar ni!"

Malam ya zauna, ya mayar da ƙarin. Hoton ya ɗan yi jinkiri amma ya tsaya cak. Likita ya duba fizgar, ya tambayi ko ta yi ciwon maƙogwaro kwanan baya, ya ce a wuce da ita Maradi yau, a duba zuciyarta. Alhamdulillahi, an tare abin da wuri. Shugaban ya yi ta faɗa, amma bai kori Malam ba.

Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kan wanda bai san hanya ba amma shi ke yanke guzurin matafiyi. Sai dai ina jin kunyar inda na sauke fushin. A motar Maradi ina ta mita, yarinyar ta jawo mayafina.

"Inna, ki bar Baba hakanan. Shi ma kuka yake, baya kawai ya juya miki."