Yadda 'Yata Ta Ci Sunan Maƙwabciyata

Shekarun baya, ina ɗauke da cikin fari a Lyon, mijina yana Paris wajen aikin sauke kaya a Aubervilliers, sai ƙarshen mako yake zuwa. Ni kuwa da littattafan soyayya suka raine ni, na gama tsara haihuwar a kaina: yana riƙe da hannuna, yana share mini hawaye. Da naƙuda ta tashi da hantsi, wadda ta riƙe hannun nawa wata tsohuwar Bafaranshiya ce da ke ƙasan benenmu, mai suna Claire. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma ita ta kai ni asibiti da silifas ɗin ɗaki a ƙafarta.

Tun ina da ciki aka tsayar cewa in mace ce, sunan mahaifiyar mijina za ta ci. Raina ya so in saka wa tsohuwar nan, amma da wane baki zan ce wa dangin miji a sa sunan Nasara?

Bayan an sallame mu, surukata Hajiya ta kira daga Damagaram. Da aka gama barka ta ce, "Ke dai kunya ba za ta bar ki ki ambaci sunana ba. Da me za ki riƙa kiran takwarata?"

Kafin in amsa, sai ta ƙara tambaya.

"Baiwar Allahn da ta kai ki likita, yaya sunanta?" Na faɗa. Ta ce, "Me yake nufi? Kada mu kira yarinya da abin da ba mu sani ba."

Na sauka da wayar na tambayi tsohuwar. Ta ce daga Latin ya fito, harshen Rumawan da, ma'anarsa abu mai haske, garau. Italiyawa suna cewa Chiara, mutanen Sifen kuma Clara. Na fassara wa Hajiya.

"Haske dai? Ai mu ma muna da Nuriyya," in ji ta. "To sunan yanka nawa ne, na kira kuma nata, a riƙa ce mata Claire."

Da na gaya wa tsohuwar, sai ta hau gyara wa jaririyar hular da ba ta karkace ba.

Claire ta rasu kafin yarinyar ta shiga makaranta. Littattafaina sun koya mini ƙauna mai zuwa da fure, ba su ce tana zuwa da silifas ba. Har yau in na leƙa matakala na kira 'yata ta hawo cin abinci, sai in ɗan dakata, kamar ƙofar ƙasa za ta buɗe mutum biyu su amsa.