Hannun Daman Auta

Autan gidanmu yana aji biyar a sakandare lokacin da aka kawo musu wani malamin lissafi ɗan ƙasar Japan, a makarantarsu da ke wajen Wusasa. Da yamma malamin yakan tara yara a wani fili a gindin dutsen Kufena yana koya musu besbol, wasan da aka fi so a ƙasarsu. Ɗaya ya jefo ƙaramar ƙwallo mai tauri, ɗaya ya yi ƙoƙarin make ta da sanda. Yawancin yaran sandar suke rububi. Auta shi jifa ya zaɓa, kuma ba a daɗe ba aka rasa wanda zai iya taɓa ƙwallonsa.

Ni a lokacin ina zauren gidanmu a cikin birni, ina ɗinkin aska a manyan riguna, sana'ar da mahaifinmu ya rasu ya bar mana. Auta yakan taya ni idan ya dawo, hannunsa ma ya fi nawa kyau. Ragamar gidan kuwa tana hannun Kawu, yayan Inna, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, ba ya rabuwa da rediyo da jarida.

A shekarar ne wani shahararren mai jifa na Japan ya koma babbar gasar Amurka. Malamin ya nuna wa yaran hotunansa a waya, Auta ya zo gida yana ba mu labari. Kawu ya bi diddigi har ya ji irin dukiyar da aka zuba wa mutumin. Tun daga ranar ya daina yi wa Auta faɗan yawon yamma. Ya ce a gayyato malamin gida.

Malamin ya zo ranar wata Asabar, ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarma, Inna ta aiko da fura. Da Hausarsa mai tsinkewa, Auta na cike masa, ya ce yaron yana da baiwa amma ƙashinsa bai gama ƙwari ba. Ya ce su kansu 'yan ƙasarsu da ke tafiya Amurka ana ɗora musu buri fiye da kima. A gida sau ɗaya a mako suke jifa, a can hutun bai kai haka ba, ƙwallon can ta fi santsi, kuma da yawa sukan ƙare da ɗinki a gwiwar hannu, jaridun da suka yabe su su koma zaginsu. Ya roƙi a bar Auta ya riƙa jifa kaɗan yana hutawa.

Kawu ya yi ta gyaɗa kai. Bayan mun raka baƙon har Ƙofar Doka ya hau mota, a hanyar dawowa Kawu ya ce mini, “Ka ji dai da kunnenka. Ya ce yaron nan zai je Amurka.”

Na ce masa ban ji haka ba. Ya ce ni allura na sani, in bar masu ilimi da maganar duniya.

Da wa'adin malamin ya cika ya koma ƙasarsu, ya bar wa Auta safar hannu ta fata da ƙwallaye kaɗan. Wasan Kufena ya watse, Kawu ya naɗa kansa koci. Ya rataye tsohuwar tayar mota a jikin katangar bayan gida, ya sa Auta jifa ta cikin raminta bayan asuba da bayan la'asar, yana ɗauka a waya yana tura wa wani ɗan abokinsa da ke Amurka, wanda ban taɓa jin ya amsa ba. Ya hana Auta ɗinki, wai allura za ta kashe masa yatsu. Duk baƙon da ya zo sai an kai shi bayan gida ya ga abin mamaki. Unguwa ta ɗauka. Masu shayi suka daina karɓar kuɗin Auta, matan maƙwabta suka fara turo wa Inna 'ya'yansu da kwanon abinci. Wani dattijo ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce kada ya manta da rufin makarantar allo idan ya samu.

Auta ba mai musu ba ne. Ni kaɗai ya gaya wa cewa gwiwar hannunsa na yi masa zugi, har ƙaramin yatsansa yakan mutu. Na kai maganar gaban Kawu, Inna na zaune. Ya ce tsamin jiki ne, a shafa man zafi. Inna ta roƙe shi a bar yaron ya huta ko na wata guda. Ya tuna mata wanda ya riƙe gidan tun rasuwar mijinta. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Ranar sunan jikan Kawu abin ya faru. An cika maƙil, har da tsofaffin abokan aikinsa daga Kaduna. Bayan an ci abinci ya kira Auta. Na ga yadda yaron ya riƙe hannun a jikinsa.

“Kawu, yau a yi mini haƙuri,” in ji shi a hankali.

“A gaban mutane za ka kunyata ni?”

Ya yi jifa kamar biyar, ana tafi. A na gaba ƙwallon ta faɗi a gabansa, ya durƙusa ya rungume hannun. Bai yi kuka ba. Baƙin suka ɗan tsaya, sannan suka koma cikin rumfa.

An fara kai shi wurin mai ɗori, ya ɗaure hannun da karare duk da babu karaya. Da kumburi ya ƙi sauka na kai shi asibiti. Likita ya ce jijiyar gwiwar ce ta tsinke, kuma aikin da ake yi wa masu irin wannan wasa ba abu ne da ke kusa da mu ba. Ya ce hannun zai yi amfani, amma jifa ya ƙare.

Unguwar da ta ɗaga shi ba ta yafe masa ba. Samari suka riƙa tambayarsa yaushe jirginsa zai tashi. Kwanukan abinci suka daina zuwa. Jarrabawar fita ta same shi hannu a rataye, bai ci ba. Ya dawo zaure ya gwada ɗinki, amma yatsunsa biyu ba sa jin allura, zaren sai ya karkace. Ya warware da kansa ya ajiye.

Yanzu yana tsaron shagon kayan waya na wani abokinsa a bakin kasuwa. Ya yi aure, yana da 'ya mace, da hagu yake ɗaukarta. Na rubuta wa malamin abin da ya faru, ya amsa da doguwar wasiƙar ban haƙuri kamar shi ya yi laifin.

Kawu bai taɓa cewa komai a kai ba sai bara da Sallah, muna gaishe shi a ɗakinsa. Wani baƙo ya tambayi labarin yaron nan mai jifa. Auta na tsugune a gabansa, Kawu ya ce ai yaran yanzu ba su da juriya, an buɗe masa ƙofar arziki ya kasa shiga, kuma wannan baƙon malamin ne ya cusa masa tsoro tun farko.

Na yunƙura zan yi magana, Auta ya dafa mini gwiwa. Ya yi wa Kawu barka da Sallah, muka tashi. Har yau duk Juma'a ina zuwa gaida Kawu, saboda Inna ta ce in dai tana raye ba za a yanke zumunci a gidanta ba. Ina tsugunawa, in tambayi lafiyar ƙafarsa da ke damunsa, in fito.