Shekarar da muryata ta dishe

A unguwarmu ta Daudawa an san ni da faɗa. In na tsawata wa yara a tsakar gida, har na maƙwabta sai sun nutsu. To, wata damina sai muryata ta dishe. Na ɗauka mura ce, na sha citta da kanumfari har na gaji. Aka yi girbi, murya ba ta dawo ba.

Surukata ta ce beli ne, wato ɗan naman nan na can cikin baki da wanzamai ke cirewa. Aka kira wanzami, na hangame baki, ya leƙa.

"Hajiya, mi zan yanka?" ya ce mata. "Wannan tun tana jaririya aka cire mata shi."

Kowa ya yi dariya, ban da ni. Wata gwaggona a Sabuwa da dishewar murya ta fara, ciwon daji ya tafi da ita. Tun daga ranar tsoro ya kama ni. Ina tankaɗe, ina kallon autata, ina tunanin wa zai riƙa yi mata kitso.

Malam, maigidana, ya kai ni asibiti a Zariya. Likita ya zura wata 'yar na'ura ya duba, ya ce wasu ƙananan tsiro ne a maƙogwaro, ƙwayar cuta ke kawo su. Suka cire, suka aika a gwada, suka hana ni magana sai wurin ya warke. Ni da shiru! Yara suka samu sake, sai dai in bi su da harara.

Ranar da muka koma, likita ya ce, "Hajiya, ba daji ba ne. Yana iya sake tsirowa, don haka ki riƙa zuwa muna dubawa." Na zauna ina hamdala, ina kuka ba kunya.

Muna shiga gida na tarar da awaki a kan masarar da na bari a shanya, yara na gefe suna wasa.

"Kai! Ba ku da idanu ne?"

Muryar ta fita a shaƙe, amma ta kai zaure. Malam, wanda shekara da shekaru yake roƙona in rage faɗa, ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Ƙara hwaɗa masu," ya ce. "Don Allah ƙara."