Miyar Karkashin Ranar Juma'a

Hannunsa na fara gani. Kaka ta ajiye kwanon tuwon dawa a gindin darbejiya, tana juya baya sai hannun Baba Tsoho ya lallaɓa cikin aljihu, ya zaro wani ɗan gwangwani. Ya barbaɗa yaji a miyar karkashi har koren ya koma ja. Shekarata tara a lokacin, muna ƙauyenmu da ke hanyar Kafur, kuma ni ce jikar da ke cin kwano ɗaya da shi.

Loma ɗaya na kai, hawaye ya wanke mini fuska.

"Amaryata, rufe bakin nan," in ji shi. "Za ki tona mini asiri."

Ranar ya gaya mini komai. Tun yana yaro ba ya ƙaunar karkashi, yauƙin kaɗai yana tayar masa da zuciya. Amma ita ce miyar da Kaka ta fara yi masa bayan bikinsu, ta kawo masa da kanta. Da ya ɗaga kai ya ga idanunta, sai ya ce bai taɓa cin mai daɗinta ba. Daga nan duk Juma'a karkashi. Da kanta take tsinko ganyen a bakin gonar auduga idan damina ta ja baya, ta shanya, ta daka, ta adana masa shi kaɗai.

"To ka faɗa mata mana."

"Bayan shekara arba'in? Ke dai ci tuwo."

Na girma ina neman irin wannan so a littattafai, ban same shi ba. Amma kada ku ɗauka labarin daɗi nake ba ku.

Da bazara ciwon ciki ya kwantar da shi. Likita a Malumfashi ya ce gyambon ciki ne, ya hana shi yaji kwata-kwata. Babana ya ƙwace gwangwanin. Juma'a ta zo, Baba Tsoho ya haɗiye loma uku da ƙyar, ya zagaya bayan rumbu ya amayar.

Kaka ta zauna dirshan tana kuka. "Yau har karkashin ma ya kasa ci?" Domin ta jawo ransa ga abinci, sai ta koma yi masa kullum.

Kwana huɗu yana juya cokalin koko kawai. A na biyar ya kama gefen zanena. "Ko ɗan kaɗan ne, amaryata. In ta ga kwanon da saura, ba ta cin nata."

Na ɗebo daga yajin Innata, mai citta da masoro, na ƙulle a haɓar zane. Ya barbaɗa a miyar, ya cinye tuwon tas. Kaka ta yi ta guɗa a tsakar gida. Da la'asar kuwa na same shi a zaure ya dunƙule a tabarma, ya rungume ciki, gumi na ɗiga daga gemunsa. In na kawo, ciwo. In na ƙi, yunwa. Washegari ma na kawo.

Sau ɗaya na gwada. "Kaka, ko yau a yi masa miyar kuka?"

Ta yi dariya. "Ji 'yar nema! Kin fi ni sanin mijina ne?"

Bai ga girbin masarar shekarar ba. Manya suka ce kwana ne ya ƙare. Ban taɓa tambayar wani likita ba, domin ina tsoron amsar.

Yanzu Kaka tana gidana a Funtua. Idanunta sun tafi, ba ta iya tsayuwa gaban murhu, amma ba ta ɓata lissafin Juma'a. Takan sa ni in kaɗa karkashi tukunya guda, a rarraba wa maƙwabta sadaka. Sai ta shafa murfin kwanon, ta ce, "Allah Ya kai masa ladan abin da ya fi so."

Nakan ce amin, in ɗauki kwanon in fita.