Layin da Nyar Seme Ta Ƙi Rubutawa

Perpetua Adoyo ne sunanta a takarda, amma a ofishinmu da ke Milimani ba mai kiran ta haka sai mai neman faɗa. Nyar Seme muke ce mata, 'yar mutanen Seme. Shekara shida teburina yana jikin nata, kuma har yau ban ga mai taurin kai irinta ba a duk Kisumu. Ba ƙorafi nake yi ba, yabo ne.

Mahaifinta mai ɗinkin komar kamun kifi ne a bakin tafki. Ita kuwa a wani shagon intanet a Kondele ta fara, tana buga wa mutane wasiƙar neman aiki. In kasuwa ta yi sanyi sai ta buɗe cikin shafukan yanar gizo tana leƙen yadda aka harhaɗa su. A haka ta koya, ba jami'a ba malami. Ta kai arba'in da bakwai, kuma in sabon ma'aikaci ya fara yi mata kurin digiri, sai ta juya masa kwamfutarta ta ce, "To, digirin ya zo ya gyara mana wannan mana."

Ƙungiyarmu tana kula da ƙananan asibitoci goma sha huɗu masu raba maganin cutar da ke karya garkuwar jiki. Manhajar da ke riƙe da sunayen masu karɓa, mutum dubu tara da ɗoriya, Nyar Seme ce ta gina ta a kan wani tsari da ake kira Django shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Kwana biyu kafin ranar karɓar magani, saƙo zai shiga wayar mutum da sunansa da sunan asibitinsa. Wayarsa shi kaɗai. Wasu ko waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da su ba su sani ba.

Sai masu ba mu tallafi suka ce tsohuwar manhajar ba ta da kyan gani a waya, a yi mata sabuwar fuska. Ni, Ogutu, aka ba aikin. Na gina ta a kan React, ta fito tas, ina ta hura hanci. Ranar da muka haɗa su kuwa, tsohuwar ta ce ba ta san zancen ba.

Ga matsalar. Duk shafin da tsohuwar ta buɗe wa nas, tana liƙa masa wani ɓoyayyen hatimi. In buƙata ta dawo cewa a canza wani abu, sai ta duba. In ba hatimin, ta yi fatali da ita. Tawa sabuwar tana zaune a wani adireshi daban, ba ta san inda za ta ɗauko hatimin ba, kuma ko sunan da suke kiran sa bai zo ɗaya ba. Duk abin da na aika sai ya dawo mini da lamba 403, wato an hana. Na ga wannan lambar har na tsane ta.

Ranar Litinin da hantsi shugabanmu, Mista Obonyo, wanda muke kira Jakom, wato shugaba, ya tara mu. Alhamis ce ranar ƙaddamarwa. An kama rumfa, an buga riguna, baƙi suna tafe daga Nairobi.

"Kwana nawa gyaran zai ɗauka?" in ji shi.

"Tara," in ji Nyar Seme. "A dawo da su ƙarƙashin adireshi ɗaya, a koya wa ta Ogutu ɗauko hatimin, a gwada a kan wayoyin nas-nas, ba irin taka mai tsada ba."

"Tara! Kwana uku gare mu."

A nan ne na buɗe bakina, kuma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Na ce ai akwai layi ɗaya tak da in aka rubuta, tsohuwar za ta daina duba hatimin. Mu kashe na ɗan lokaci, bayan biki mu kunna.

Ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa. "Omera, ɗan'uwana, kai ma? Na ɗan lokaci! Wane abu ka taɓa gani an kashe na ɗan lokaci a ofishin nan aka dawo aka kunna? Famfon banɗaki ma tun bara yake na ɗan lokaci."

Aka yi dariya, ban da ni. Ta miƙe tsaye.

"Ku buɗe kunnuwanku. Nas tana cikin manhajar a wayarta, ta fita shan shayi da mandazi. Wani ya turo mata saƙo, wai ga hotunan bikin wance, latsa nan. Ta latsa, waye ba ya latsawa? Shafin nan a ɓoye zai aika mana buƙata da sunanta, a canza lambar wayar mai karɓa na ɗaya, na biyu, na uku, a sa wannan. Ba hatimi, ba mai tambaya. Kafin wata ya ƙare wani ƙato yana zaune a Nyalenda saƙonni suna ta shigo masa da sunayen mutane. Sai ya zaɓi wanda zai fara kira, ya ce a biya shi ko ya tona asiri."

"Wa zai yi wannan wahalar?" in ji Obonyo. "Kina da yawan zargi, Madam."

"Ina da shi, Jakom. Shi ya sa shekara goma sha ɗaya ba sunan da ya fita."

Ya murtuke fuska. Ya ce shi ba shawara ya zo nema ba, umarni ne, ta rubuta layin kafin la'asar. Ya kuma tuna mata cewa kwangilarta a ƙarshen wata take ƙarewa, kuma shi ke sa hannu.

A aikinmu duk layin da ka rubuta, sunanka da rana suna manne da shi. Ko bayan shekara ashirin aka bincika, za a ga wane ne. Nyar Seme ta ɗauki kwamfutarta ta dire a gabansa.

"Ga ta. Na buɗe maka wurin. Zan faɗa maka harafi bayan harafi, ka rubuta da sunanka."

"Ni ba mai rubuta manhaja ba ne."

"Kalma ɗaya ce, Jakom. Ai ka iya sa hannu a takardar kora, wannan bai kai ta tsawo ba."

Kai! Obonyo bai taɓa kwamfutar ba, ya mayar da hannuwansa aljihu. Sai ya fara magana da sanyin murya, irin ta lallashin yaro. Wai ya fahimci tausayinta ga waɗannan mutanen, amma waɗannan mutanen ba su san ma akwai wani hatimi ba, kuma waɗannan mutanen tallafin nan ne ke rayar da su.

"Waɗanne mutanen?" ta ce.

"Marasa lafiyar mana."

"Lamba dubu biyu da ɗari huɗu da sha bakwai. Asibitin Kombewa, Talatar farko ta kowane wata uku. Ni ce. Shekara goma sha shida ina sha, kuma lafiyata ƙalau, na fi ka ƙarfi. 'Yata da ke jami'a ba ta sani ba. Surukata da ta mutu tana cewa ni na kashe mata ɗa, ita ma ba ta sani ba. To ga ɗaya daga cikin waɗannan mutanen a gabanka, ta san da hatimin, kuma ta ce ba a kashe shi."

Shekara shida muna cin ugali, tuwon masararmu, da kifi a faranti ɗaya, ban taɓa ko zato ba.

Obonyo ya yi tsuru-tsuru, sannan ya juyo kaina. "Ogutu, kai ka kawo shawarar. Rubuta."

Ina da mata da 'ya'ya biyu, kuma tsoro ya kama ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Jakom, hannuna ba zai iya ba." Ya bi sauran abokan aikinmu uku ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Ranar Alhamis aka yi biki. Aka nuna wa baƙi hotunan sabuwar manhajar a majigi, suka tafa, suka ci shinkafar pilau, suka koma. Mu kuwa muka duƙufa. Kwana goma sha ɗaya ya ɗauke mu, ba tara ba, kuma ta hana ni sakat da tsiya duk tsawonsu. Ranar da tsohuwar ta karɓi buƙatar farko da hatiminta, ta ce, "Ka ga? Da ma rashin gaisuwa ne."

Ba a sabunta kwangilarta ba. Wai tsarin aiki ya canza. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, kafin ta tafi na lura wata a ofis ta ware nata kofin shayin gefe guda, kada ya haɗu da na Nyar Seme. Mu da muke wannan aikin! Nyar Seme ta gani, ta ɗauki kofin matar ta sha ruwa da shi a gabanta, ta ajiye.

Ranar ƙarshe na raka ta bakin titi tana jiran boda, wato ɗan acaɓa, kwalinta a hannu. Na tambaye ta ko ta yi da-na-sanin faɗa, tunda yanzu zance zai kai kunnen 'yarta.

"Na kira ta tun daren Litinin ɗin. Ta yi kuka, ta yi fushi, har yau ba ta ɗaga wayata." Ta ɗaure kwalin a bayan babur. "Amma ni na faɗa, omera, da bakina, a ranar da na ga dama. Sauran dubu taran ma haka za su yi."