Kafin-ka-ajiye da Maɓallin Kwat

Teloli ne suka raɗa wa goggona suna Kafin-ka-ajiye, wai don in ka tura mata tambaya, amsa na shigowa tun ba ka mayar da waya aljihu ba. Shagonta ɗan tsukuku ne a ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da katifa. Zare jere a bango kala-kala, zif a rataye, allurai da maɓallai cikin kwalabe. In mutum biyu suka shiga, na uku sai dai ya leƙo daga waje.

Da can ita ma tela ce. Shekara goma sha tara tana taka keke, har idonta ya fara gajiya da zura zare. Ta sha ba mu labarin wani mai shago da ta taɓa tambaya ko yana da wani irin zif. Ya yi mata shiru kwana uku, mai riga kuma tana ta zarya. A rana ta huɗu ya ce babu.

"Babu ai kalma ɗaya ce," in ji ta. "Da ya faɗa tun ran farko, da na nufi wani wuri."

Shi ya sa da ta buɗe nata shagon ta ɗaura wa wayarta igiya ta rataya a wuya. Rubutu na ba ta wahala, don haka da murya take amsawa: "Akwai, ɗana, ja da baƙi." Ko kuma: "Ya ƙare, amma je layin baya, mai koren shago yana da shi." Maƙwabta suka ce tana kora wa wasu ciniki. Ta ce wanda ka nuna wa hanya ba ya manta ƙofarka.

Mijinta, direba ne da ya ajiye aiki, yakan yi mitar cewa shi sai ya kira ta sau uku kafin ta waiwayo. Wata safiya yana zaune a falo ya tura mata saƙo tana kicin: "Mai shago, ko akwai shayi?" Nan take amsa ta zo: "Akwai, amma sai mai saye ya zo da kansa."

Wata Laraba da hantsi ina shagon, hoto ya shigo daga lambar da ba ta sani ba. Maɓalli ne ruwan ƙasa, mai huda huɗu da zagaye a gefe, irin wanda aka daina yi tuntuni. Sai saƙon murya ya biyo baya. Wata mata ce, muryarta a gajiye.

"Mama, don Allah ko kina da irin wannan? Na kwat ɗin mahaifina ne. Gobe 'yata za ta karɓi takardar gama karatun jinya, ya ce shi da wannan kwat zai je, maɓalli biyu kuma sun ɓace. Na tambayi shago biyar, ba wanda ya tanka."

Goggo ta danna ta amsa: "Na ji ki, 'yata. A kwalba babu, amma kada ki je ko'ina. Ba ni rabin awa."

Ta jawo wani tsohon gwangwanin madara daga ƙarƙashin kantar shagon. Ashe tun tana ɗinki take tara duk maɓallin da ta cire daga tsofaffin kaya. Ta juye su a faranti, suka yi tsibi. Ni da ita muka duƙufa, mai gyaran agogo ya shigo da gilashinsa na ido ɗaya yana taya mu. Shi ya fara cin karo da ɗaya, ya ɗaga shi sama yana murna kamar ya tsinci zinare. Na biyun ya ba mu wuya, sai can a gindin gwangwanin muka same shi maƙale.

Goggo ta ɗauki hoto ta tura. Matar ta kira, dariya da kuka suka haɗe mata.

"Zo da kwat ɗin ma," in ji goggo. "Zaren da zai dace da shi yana nan."

Ta zo da rana. Ni na zura zaren, goggo ta ɗinka da hannunta, ta ƙara ƙarfafa sauran da suka fara lilo.

Ran Juma'a sai ga tasi ta tsaya a ƙofar shago. Wani dattijo dogo ya fito da sanda, sanye da kwat ɗin a cikin zafin nan, jikarsa na riƙe da hannunsa. Ya tsaya ya buɗe ƙirji.

"Ina mai amsa kira? Zo ki ga aikinki! Da wannan kwat na fara koyarwa, jiya kuma na zauna a sahun gaba."

"Kai, Baba, ai ka fi ango kyau!"

Jikar ta ce sai an yi hoto. Aka jera a bakin shago, har da mai katifa da bai san hawa ba bai san sauka ba. Dattijon ya zauna a kujerar goggo ya ƙi tashi, yana ba mu labarin ɗalibansa, har aka yi la'asar.